Jita a Bayan Katan-katan

Sana'ata a Murshid Bazaar da ke Dubai ita ce kago. Hajiya ta taso daga Kano ko Maraɗi, ta zaga lungunan Deira, ta sayi abaya dozin-dozin da yadi da takalma da turare da kayan kicin na aurar da 'ya. Yarana su bi sawunta shago-shago su tattaro kayan, mu ɗaure, mu auna, mu rubuta sunanta a jikin katan, ita kuma ta koma gida ta jira. Wata ma ba ta zuwa. Hoto kawai za ta turo ta WhatsApp, kuɗi su biyo baya, sauran aikin nawa ne. Ba ni da wani jari da ya wuce amana, kuma saboda amanar nan ne na daɗe ban bari kowa a kasuwar ya san ni makaɗi ne ba.

Bahaushe yana son kiɗa, makaɗin ne ba ya so a danginsa. Zai yi wa mawaƙi liƙi da dare har aljihu ya yi fayau, gari ya waye ya hana shi 'yarsa. Mahaifina malamin allo ne, a gidanmu ko fito ka yi sai ka sha carbi. Jita a wajen wani Buzu na koya, mai gadin wani gida a bayan layinmu, wanda kan fito da ita bayan isha'i idan ya ɗora shayi. Tsirkiya biyu sun tsinke a jikinta, bai taɓa damuwa ya sake su ba. A lokacin duniya ba ta san Bombino na Agadas ko Mdou Moctar ba, Tinariwen ma ba su kai ga lambar Grammy da suka samu a 2012 ba. Kiɗan nasu a kaset yake yawo daga hannun mai gadi zuwa hannun direban babbar mota. Buzun nan bai taɓa ce mini ga sunan wannan sauti ba. Ya kaɗa, na kaɗa. In na kauce ya girgiza kai, ya sake.

Daga baya na shiga wata ƙungiya a Sabon Gari, mu biyar, da gangunan Turawa da jitar bes da fiyano, muna kwaikwayon duk abin da ake yayi. Can ne na fara cin karo da matsalar da zan sake tararwa a Dubai bayan shekaru. Wasu masu shirya taron al'adu a Kaduna suka ga ya dace a haɗa mu dandamali ɗaya da makaɗan gargajiya: masu kalangu, da mai goge, da wani mawaƙi dattijo da 'yan amshinsa. Tunanin ba sabo ba ne a garin, don Bala Miller ya daɗe da ɗora waƙar Hausa a kan ƙahonin Turawa da jita. Amma shi mutanensa duka a ƙirga ɗaya ya horar da su. Mu kuwa mai gangarmu ya buga ɗaya, biyu, uku, huɗu, muka shiga, masu kalangu suka bi mu na ɗan lokaci, sai dattijon ya hango wani babban mutum ya shigo. Nan take ya ja baitin ya saka kirari, kalangu suka juya suka bi shi, muka wayi gari muna wani gari suna wani.

Da aka tashi na je na durƙusa gaban babban mai kalangun. Na ce, "Baba, da za ku riƙa jin gangarmu, da ba mu rabu ba." Ya dube ni ya yi dariya. Ya ce, "Yaro, ni ba ganga nake bi ba. Bakin mai waƙa nake bi. In ya tsaya shan ruwa ma, kalanguna ya san ya tsaya."

Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya saurari Mamman Shata da kunnen basira ya san kalangu ba ƙirga yake riƙe masa ba, magana yake mayar masa. Mai kalangu yana matsa igiyoyin a hammata, sautin ya hau ya sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka. Ɗan Maraya Jos kuwa bai ma bar wa kowa wannan aikin ba, shi da kuntiginsa ne kawai, in ya ga dama ya yi sauri, in ya ga dama ya ja. A kiɗanmu mulki a bakin mawaƙi yake. A kiɗan rok yana hannun mai ganga. Ban san akwai sarki na uku ba sai da na zo nan.

A watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates shi ma ya ɗauke ƙafa. Wanda bai ga Murshid a wannan lokacin ba, ba zai gane yawan abin da matanmu ke kashewa a nan ba. Indiyawan da suka iya "Hajiya, zo ki gani" da Hausa suka koma zaman hamma a ƙofar shago. Odar waya ba ta tsaya ba, amma ta ragu, faɗuwar naira ta ƙara danne ta. Na samu lokacin da ban saba da shi ba. Wani ɗan Sudan da ke aiki a shagon turare, wanda ya taɓa lura da kantar da ke kan yatsuna na hagu ya yi shiru da bakinsa, shi ya ja ni zuwa wani ɗakin gwaji da ake haya da awa a Al Quoz. Shi ke kaɗa bes. Mai ganga ɗan Filifin ne, akanta da rana. Mai fiyano daga Kerala. Muka riƙa haɗuwa ranar hutu, mu rufe ƙofa, mu ƙure lasifika har haƙarƙari ya ɗauki rawa.

Ta hannun ɗan Filifin ɗin gayyata ta zo. Wani kamfani zai yi wa ma'aikatansa bikin ƙarshen shekara, sun ɗauko wata ƙaramar okestira, wato tawagar nan ta masu gogen Turawa manya da ƙanana da masu busa, mutum ashirin da 'yan kai, yawancinsu malaman kiɗa a makarantu. Suna son a haɗa su da 'yan rok don taro ya yi armashi. Na amsa ba tare da wani tunani ba, don na taɓa ganin irin abin ya yi kyau. Lokacin baje kolin Expo 2020, wanda annobar korona ta ɗage zuwa Oktoban 2021, na ga Firdaus, okestirar mata zalla daga ƙasashe sama da ashirin wadda A.R. Rahman ya yi wa jagora, shi ɗin dai da muka sani a waƙoƙin finafinan Indiya. Sun haɗa gogen Turawa da udu da ƙanun na Larabawa, abin yana tafiya sumul. Su ne kuma suka raka Beyoncé a bikin buɗe otal ɗin Atlantis The Royal a Janairun 2023. Daga kujerar 'yan kallo ba a ganin gumin da ke ƙasan irin wannan.

Madugar okestirar da kamfanin ya ɗauko wata mata ce 'yar Armeniya, gajeruwa, mai ɗan siririn sanda. Ranar gwajin farko ta raba wa kowa takarda, ta miƙo mini tawa. Layi biyar-biyar ne a jere da ɗige-ɗige baƙaƙe. Na ɗora ta a gabana na ƙura mata ido kamar yadda kowa ya yi. Ta ce a fara daga gaɓa ta 33. Mutum ashirin suka ɗaga hannu lokaci guda suka faɗa wuri guda, ni kuwa ina jiran a fara waƙar daga farko don in gane inda muke. Ta tsayar, ta sake, ta sake tsayarwa. Sai ta matso kusa, ta rage murya yadda sauran ba za su ji ba, ta tambaye ni ko ina karantawa. Na ce, "Madam, ina karanta Larabci, ina karanta boko, ina karanta takardar kwastan. Wannan kam ban iya ba." Furfura ta fara fito mini a gemu, amma kunyar da na ji a ranar irin ta yaron da aka tayar ya biya allonsa ya kasa ce.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce manyan 'yan rok da yawa ba su iya ba. Abin da ya dame ta shi ne ƙarata.

Wannan ita ce matsala ta farko, kuma ta fi kowace taurin kai. Akwatin lasifika ɗaya na jita yana iya shafe goge ashirin. Gangunan Turawa sun fi shi ma. Mai hankali zai ce a sa wa masu goge makirufo a ƙara musu murya, kuma haka ake yi. Sai dai makirufo ba ya zaɓe. Wanda aka liƙa a jikin goge yana jin gangar da ke bayansa fiye da yadda yake jin gogen, in injiniya ya ƙara wa goge murya, ganga ya ƙara wa. Dole aka kewaye mai gangarmu da allunan gilashi na roba, ya zauna ciki yana huci. Ni kuma aka fitar da akwatina bayan dandamali aka lulluɓe shi, aka ba ni iyafis in riƙa jin kaina ta ciki. Wanda ba ya kaɗa jitar lantarki zai ga wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Idan akwatin yana bayanka yana ruri, iskar da ke fita daga cikinsa tana dawowa ta girgiza tsirkiya, sauti ya ja dogon numfashi ba tare da ka sake taɓawa ba. Rabin daɗin rok daga nan yake fitowa. Da aka raba ni da akwatin sai na ji jitar ta zama baƙuwa a hannuna. Su kuma masu goge da ke zaune kusa da mu suna da nasu kukan, kuma da gaskiyarsu: kunnensu shi ne abincinsu, wasu har toshe shi suke yi kafin mu fara.

Ta biyu ita ce lokaci. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. A dandamali mai faɗin mita 20, kafin bugun ganga ya isa kunnen na can ƙarshe an yi jinkirin da kunne ke iya kamawa. Shi ya sa okestira ba ta dogara da ji kawai, sandan madugu take kallo. Kuma ba daidai da faɗuwar sandan suke shiga ba, akwai ɗan numfashi tsakani wanda su duka suka san tsawonsa. Mu kuwa a kan bugun muke sauka, wani lokacin ma mu ɗan riga shi don kiɗa ya yi zafi. Sai ya zama kullum muna gaba suna baya. Madam ta ce mai ganga ya kalli sandanta, shi ya ce ita ta saurari gangarsa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ƙarshe aka naɗa na'ura: wani ƙyas-ƙyas da kwamfuta ke bugawa a kunnen su biyun, kowa ya bi shi. An zauna lafiya, amma ni ban ƙaunaci wannan sulhu ba, don na'ura ba ta san lokacin da jama'a suka ɗauki zafi ba.

Batun saiti bai ba mu wuya sosai ba. Na'urar saita jitata tana kan 440, su sun saba da 442, muka matsa muka same su. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki shi ma yana motsa tsirkiya, sai a riƙa sake dubawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne takardar kanta. Idan aka rufe katan, aka auna, aka rubuta kilo a takardar jirgi, ko ɗankunne ɗaya Hajiya ta tuna ba ya shiga, sai dai kaya na gaba. Haka takardar kiɗa take. An ba ni gaɓa 16 in yi abin da na ga dama, a ta 17 masu goge za su shigo, ko na gama ko ban gama ba. Ni kuwa a gidan biki na taso, inda idon makaɗi ke kan jama'a. Uwar amarya ta fito fili, ka ja. An fara liƙi, ka ƙara ja. Wuri ya yi sanyi, ka yanke ka shiga wata. Ba za ka iya yi wa mutum ashirin masu karatu inkiya da gira su juya tare da kai ba.

Ɗan Filifin ɗin, wanda ya san tarihin rok kamar sunan 'ya'yansa, ya ce in kwantar da hankalina, waɗanda suka fi ni sun sha wannan. Ranar 24 ga Satumba 1969 ƙungiyar Deep Purple ta hau dandamalin Royal Albert Hall a Landan tare da okestirar Royal Philharmonic, Malcolm Arnold na riƙe da sanda, don kaɗa wani dogon kiɗa da mai fiyanonsu Jon Lord ya rubuta. A wajen gwaji wasu daga cikin masu gogen raina samarin masu dogon gashi suka yi, sai da Arnold ya buɗe musu wuta. A daren kuma mai jitarsu Ritchie Blackmore ya zarce iyakar da aka yanka masa, ya bar madugu da jama'arsa suna jira. Shi dama bai so aikin ba, kuma faifan da suka yi bayan nan a 1970 rok ne tsantsa mai ƙarar gaske. Wani abin da ya faranta mini a labarin: takardar kiɗan ta ɓata, aka yi shekaru ba a iya sake kaɗa shi ba, har sai da wani ɗan Holan mai suna Marco de Goeij ya zauna ya saurari faifan, ya kalli bidiyon yatsun makaɗan, ya sake rubuta shi. Da wannan aka maimaita wasan a zauren a 1999. Kunne ne ya ceci takarda.

A shekarar 1999 ɗin ne Metallica ta yi nata da okestirar San Francisco, Michael Kamen na jagora. Madam ta ce dalilin da ya sa nasu ya tsaya da ƙafarsa shi ne Kamen bai sa masu goge su maimaita abin da jita ke yi ba, wata hanya ya shimfiɗa musu ta daban a cikin waƙar. Daga nan ta juyo kaina. Ta ce rabin abin da nake kaɗawa in bar musu. A ƙungiyar mutum huɗu aikin mai jita ne ya cike kowane gurbi. A cikin mutum kusan talatin, duk gurbin da na cike na zauna a kujerar wani ne. Wannan ya fi koyon ƙirga yi mini wuya, don hannu ya saba.

Ɗan kasuwa kuma ba ya kallon taro bai yi lissafi ba. Kowane kai a okestira kuɗi ne, kowace awa ta gwaji kuɗi ce, kuma in lokaci ya cika za ka ga ana mayar da goge cikin akwati ko da tsakiyar waƙa ake. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne, daga baya na gane wasunsu aji ke jiransu. Ƙungiyar Emerson, Lake & Palmer ta ɗauki cikakkiyar okestira ta fita yawon wasa a Arewacin Amurka a 1977, ba a je ko'ina ba kuɗi ya ci ƙarfinsu suka sallame ta, sai a manyan wurare kamar New York da Montreal suka dawo da ita. Mu gwaji kaɗan kamfanin ya yarda ya biya, a cikinsa aka cusa komai.

Rana ɗaya ce abin ya juyo ta wajena. Cikin abubuwan da za mu kaɗa akwai wani kiɗa nawa da na gina a kan takun Buzaye, wanda bugu biyu da bugu uku ke tafiya a kan juna. Madam ta saurari abin da na ɗauka a waya ta rubuta shi, kuma ban ga inda ta yi kuskure ba da suka kaɗa, kowane sauti yana wurinsa. Amma abin da ya fito rawar Turawa ce ta riƙe ƙugu, suna danna bugun farko suna sassauta sauran. Na rasa kalmar da zan yi bayani da ita. Sai na roƙi a ajiye goge, a kife takardu. Na raba su gida biyu, waɗannan su tafa biyu, waɗancan su tafa uku, ni da ɗan Sudan muna taka ƙasa. Mutanen da suka yi shekaru a makarantun kiɗa suka riƙa ruɗewa suna dariya, wata 'yar Rasha har da hawaye. Da jikinsu ya kama, suka ɗauki gogen, takardar ba ta canza ko ɗigo ba, amma kiɗan ya miƙe.

Daren bikin ya zo ya wuce. Ba zan ce mun girgiza duniya ba. Bai kai zafin abin da muke yi mu huɗu a Al Quoz ba, bai kuma kai tsabtar abin da suke yi su kaɗai ba, kuma ina zargin yawancin irin wannan haɗi a nan yake tsayawa, ko da an sha tafi. A kiɗan nawa, da na shiga gaɓoɓina 16, wasu ma'aikata 'yan Afirka da ke bayan zaure suka miƙe, ɗaya ya nufo gaba da kuɗi a hannu. Duk jijiyar hannuna cewa take in zarce. Na ga sandan Madam ya ɗaga, na sauka a inda aka ce in sauka, goge ashirin suka ɗauka daga bakin sautina na ƙarshe. Ya yi kyau ƙwarai. Amma har yau ina jin haushin baitin da ban yi wa mutumin nan ba.

Bidiyon ya zaga, kamar yadda komai ke zagawa. Wata Hajiya 'yar Kantin Kwari da na daɗe ina yi wa kago ta kira ni. Ta ce, "Alhaji, wai kai ne na gani da garayar Turawa?" Na ce, "Ni ne, Hajiya." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya shirya. Kayana fa, sun taso?" A wannan kiran ta ƙara odar jakunkuna. Wata kuwa tun daga lokacin ban sake jin ɗuriyarta ba, ban kuma bi ba'asi ba.

Na kan yi tunanin gida. Yau a yawancin bukukuwanmu mawaƙi filashi yake miƙa wa mai kayan sauti, ya riƙe makirufo yana motsa baki a kan abin da aka haɗa a situdiyo da fiyano ɗaya. Babu mai ganga da zai saɓa da shi, babu mai goge da zai ce an danne shi, don babu kowa. Alhali muna da tamu babbar tawagar tun kafin a haifi kakannin Deep Purple: tambura da kakaki da algaita da ganguna a ƙofar fada ranar hawan Sallah, mutum da yawa, ba takarda, ba sanda, kowa ya san inda zai shiga. Rigimar da na sha a gwajin nan ta fi mini wannan zaman lafiyar na filashi sau dubu.

An dawo da biza a Yulin 2024, Emirates ta koma Legas ranar 1 ga Oktoba, Murshid ta sake cika, lokacin gwaji ya ƙanƙance. Na fara koyon karanta ɗige-ɗigen nan a wajen ɗan Kerala, ina tafiya a hankali. Madam kuma tun da na tura mata wani tsohon faifan Shata ta hana ni sakat. Ta yi ƙoƙarin rubuta abin da kalangun ke yi, ta ce duk inda ta ja layin gaɓa sai ya tsallake, tana so ta ga abin da idonta. Na sa an sayo mini kalangu a Kano, wata Hajiya za ta taho da shi cikin kayanta. Wanda zai kaɗa shi ne ban samu ba tukuna, don ni ban iya ba, kuma da na lissafa kuɗin biza da tikiti da masaukin makaɗi ɗaya na mako biyu, sai na ce wa Madam ta fara nemo mana kamfanin da zai biya.